Shin Ko Kun San? Lokutan Da Ƙasa Ta Tsage Ta Yi Aman Wuta

Shin ko kun san cewa aman wutar da ya fi sauya duniya bai fito ta kan tsauni mai tsini ba? Da zarar an ce dutse mai aman wuta, abin da ke faɗo mana a rai shi ne wanda muke gani a talabijin: tsauni kamar an kifa mazurari, hayaƙi na tashi ta ƙololuwa, jama'a na gudu da kaya a ka. To, wannan ƙaramin alhaki ne. Babban ta tsaga yake zuwa. Ƙasa ce ke darewa tsawon kilomita goma-goma, narkakken dutse ya yi ta bulbulowa kamar kunun da ya fi ƙarfin tukunya, ya cika kwari, ya shafe tudu, ya daskare, wani ya sake hawa kansa. Yakan yi ta yi yana hutawa har shekaru dubu ɗari-ɗari, wani sa'in miliyan guda. Kafin mu ci gaba, ga mudun da za mu yi awo da shi: ku ƙaddara wani akwati, tsawonsa kilomita ɗaya, faɗinsa kilomita ɗaya, zurfinsa ma kilomita ɗaya. Ku riƙe shi a zuci, za mu yi ta komawa gare shi.

Shin ko kun san ɗan Adam ya taɓa lasar irin wannan aman, lasa kawai, a tsibirin Aislan? Ranar 8 ga Yuni, 1783, ƙasa ta tsage a wani wuri da ake kira Laki. Tsagar ta kai kilomita 27, ta yi wata takwas tana zuba, ta fitar da narkakken dutse cikin akwatin nan namu kamar sau 14. Narkakken dutsen ya cinye gonaki da gidaje, amma mutane sun samu sun kauce masa. Abin da ba su iya kauce wa ba shi ne hayaƙin. Gubarsa ta sauka a kan ciyawa, dabbobi suka ci, haƙoransu da ƙasusuwansu suka lalace. Tumaki kusan takwas cikin kowane goma suka mutu, shanu kuwa kusan rabi. Duk wanda ya san zaman makiyayi ya san abin da ke biyo bayan wannan. Yunwa ta kashe kusan mutum ɗaya cikin kowane biyar na tsibirin. Hazon ya tsallaka teku ya lulluɓe Turai, rana ta koma ja kamar garwashi, masu aiki a gona suna faɗuwa da ciwon ƙirji. Benjamin Franklin, wanda a lokacin yake jakadancin Amurka a Faransa, yana cikin na farkon da suka yi zargin cewa hazon nan da sanyin da ya biyo shi suna da nasaba da wutar Aislan. Can kuma a Masar, Kogin Nilu ya ƙi cika yadda ya saba, aka shiga yunwa mai tsanani.

Me ya haɗa tsibirin ƙanƙara da Kogin Nilu? Ga yadda abin yake. Aman wuta na fitar da iskar farar wuta. Idan ta hau sama sosai, sama da inda gajimare ke tsayawa, sai ta zama wani siririn hazo da ruwan sama ba ya iya wanke shi, ya yi shekara ɗaya ko biyu yana tare hasken rana. Idan hazon ya fi taruwa a arewacin duniya, arewa ta yi sanyi, sai iskar damina, wadda zafi ke janyowa daga teku, ta kasa hawowa inda ta saba kaiwa. Wannan fa ya shafe mu kai tsaye. A watan Yuni na 1912 dutsen Novarupta da ke Alaska ya yi aman da ya fi kowane girma a ƙarni na 20. Shekarar da ta biyo baya, 1913, damina ta ƙi a ƙasar Hausa, aka shiga yunwar da kakanninmu suka sa wa suna Kakalaba. A 1982 dutsen El Chichón na Meziko ya yi nasa, sai ga farin 1983 da 1984. Wasu masana yanayi na Birtaniya sun bi diddigin wannan a 2013, suka ga cewa uku daga cikin damina huɗu mafi muni a yankin Sahel tun daga 1900 sun zo ne a bayan babban aman wuta a arewacin duniya. Fari yana da sanadi fiye da ɗaya, harajin Bature ma ya ƙara wa yunwar 1913 kaifi. Amma ni dai tun da na san wannan, duk lokacin da na ji labarin aman wuta a wata uwa duniya sai na kasa kunne da kyau, don na san yana iya taɓa rumbun Katsina da na Maraɗi.

Shin ko kun san cewa idan aka jera Laki da abin da ya faru a Saiberiya, Laki ba ta kai ɗigon ruwa a randa ba? Shekaru miliyan 252 da suka shuɗe, yankin da yau yake arewacin Rasha ya tsage. Abin da ya fito, a ƙiyasin masana duwatsu, ya kai akwatin nan namu miliyan 3 ko fiye. Laki sau dubu ɗari biyu ke nan. Da za a kwashe shi a shimfiɗa a kan Najeriya, daga Sakkwato zuwa Kalaba, daga Legas zuwa Tafkin Chadi, da ya binne ƙasar baki ɗaya da zurfin fiye da kilomita 3. A daidai wannan lokacin aka yi mutuwar da ba a taɓa yin irinta ba a tarihin halittu: kusan tara cikin goma na nau'o'in halittun teku suka ƙare, haka kusan bakwai cikin goma na nau'o'in dabbobin tudu masu ƙashin baya. Har ƙwari, waɗanda ba kasafai masifa ke gamawa da su ba, sun ji jiki.

Abin tambaya shi ne, ta yaya wutar da ke Saiberiya za ta kashe kifin da ke ɗaya gefen duniya? Amsar tana ƙarƙashin ƙasa. Narkakken dutsen bai fito duka ba. Da yawansa ya kutsa ta tsakanin shimfiɗun gawayin ƙasa da gishiri da farar ƙasa da ke kwance a yankin, ya gasa su kamar yadda ake gasa tukwane. Hayaƙin wannan gashi, wato iskar kabon da sauran guba, shi ya cika sararin sama. Farar wuta tana kawo sanyi na shekara biyu ko uku ta wuce. Iskar kabon kuwa zama take yi shekaru dubbai tana riƙe zafi kamar bargo. Ruwan saman teku a tsakiyar duniya ya yi zafin da ya kusa digiri 40. Ruwan zafi ba ya riƙe iskar shaƙa sosai, sai halittun teku suka shiga shaƙewa. Ruwan kuma ya yi tsami har masu ɓawo, irin su katantanwar teku da murjani, suka kasa gina gidajensu. A wani tsauni da ke Meishan a ƙasar Sin, inda aka auna shekarun shimfiɗun dutse ɗaya bayan ɗaya, an gano cewa mafi yawan mutuwar ta auku cikin shekaru kimanin dubu 60. A lissafin duwatsu wannan ƙiftawar ido ce. Dazuzzuka sun lalace har aka yi shekaru miliyoyi ba a samu wani sabon gawayin ƙasa ya taru ba ko'ina a duniya.

Shin ko kun san cewa wani yanki na wannan masifa yana cikin salansar motarku? Abin nan da makanikai ke ce wa indomi, wanda ɓarayi ke kwancewa saboda tsadarsa, yana ɗauke da wani ƙarfe mai suna faladiyam. Kaso mai tsoka na faladiyam ɗin duniya daga Norilsk ake haƙo shi, a cikin duwatsun da aman Saiberiya ya bari, tare da nikel da tagulla.

Shin ko kun san cewa aman wuta ne ya share wa manyan ƙadangarun dauri, waɗanda ake kira dainoso, hanyar mulkin duniya? Shekaru miliyan 201 da suka wuce, nahiyoyi duk a manne suke wuri ɗaya. Da suka fara ɓallewa, inda yau Tekun Atilantika yake, ƙasa ta yi aman da ya bazu a faɗin murabba'in kilomita kimanin miliyan 10. Ragowarsa na nan a tsaunukan Atlas na Maroko, a Gini da Mali, a Birazil, har da katangar dutsen da ke bakin Kogin Hudson daura da birnin New York. Nahiyoyi uku, wuta ɗaya. Aka sake yin mutuwa, manyan dangin kada da ke mulkin tudu a lokacin suka ƙare, fili ya zama na dainoso. Jikokinsu ne ake tono ƙasusuwansu yau a Gadufawa da kewayen Ingal a Jamhuriyar Nijar.

Ƙarshensu ma akwai hannun aman wuta a ciki, ko da yake nan masana sun daɗe suna kai ruwa rana. Shekaru miliyan 66 da suka wuce abubuwa biyu suka haɗu. Wani ƙaton dutse ya faɗo daga sama a gaɓar Yukatan ta Meziko. A Indiya kuma ƙasa na cikin aman da ya gina tudun Dekan, wanda har yau yake rufe da murabba'in kilomita 500,000, fiye da rabin Najeriya, kaurinsa a wasu wurare ya haura kilomita 2. A 1980 Luis Alvarez da ɗansa Walter suka kawo hujjar dutsen sama, kuma mafi yawan masana yau a kanta suke. Gerta Keller ta Jami'ar Princeton kuwa ta yi shekaru da dama tana cewa a duba Dekan. Abin da na fi natsuwa da shi shi ne cewa dutsen sama ne ya yi yankan, amma ya tarar da duniyar da hayaƙin Dekan ya riga ya fara jijjiga yanayinta.

Shin ko kun san audugar Indiya a kan wannan aman take tsira? Baƙin dutsen Dekan, da ya ruɓe a hankali, ya zama baƙar ƙasa mai riƙe ruwa, wadda manoman Maharashtra da Gujarat ke shuka auduga a kanta. A cikin dutsen ne kuma aka sassaƙa kogunan Ajanta da Ellora. Ɗaya daga cikin wuraren ibadar Ellora, mai suna Kailasa, a ƙarni na 8 aka fafe shi daga dutse guda, daga sama zuwa ƙasa, ba tubali ko ɗaya. Masu binciken duwatsu suna kiran irin waɗannan tuddai da wata kalmar mutanen Suwidin mai nufin matakala, saboda kowane malale da ya daskare a kan na baya yakan bar hawa-hawa kamar matakalar bene.

Shin ko kun san kwarin Binuwai tsaga ce da ta so zama teku ta fasa? Shekaru kimanin miliyan 134 da suka wuce, lokacin da Kudancin Amurka ke shirin rabuwa da Afirka, an yi wani babban aman da teku ya zo ya raba gida biyu: rabi yana Birazil da maƙwabtanta, ɗan guntun yana Namibiya. A kan na Birazil ruwan Iguwazu yake gangarowa, jar ƙasarsa kuma ita ta ciyar da gonakin kofi na can. Da tsagewar ta iso wajenmu sai ta yi rassa uku. Biyu suka buɗe suka zama teku. Na ukun ya nufi arewa maso gabas ya tsaya a hanya, shi ne kwarin da Kogin Binuwai ke bi ta Yola da Makurɗi.

Shin ko kun san Masar kyautar aman wutar Habasha ce? Tuddan Habasha tarin baƙin dutse ne da ya malalo shekaru kimanin miliyan 30 da suka wuce, kaurinsa a wasu wurare ya kusa kilomita 2. Tsawon tuddan ne ke tare gajimare, ruwa ya zuba, ya gangara ta kogunan Shuɗin Nilu da Atbara da Sobat. Fiye da kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke isa Masar daga can yake. Ruwan kuma ba ya tafiya hannu rabbana, yana tafe da garin baƙin dutsen nan, a da yakan shimfiɗa shi a gonaki kowace shekara. Saboda wannan laka mutanen Fir'auna suke kiran ƙasarsu Kemet, wato baƙar ƙasa. Tun da aka gama madatsar Aswan a 1970, lakar a bayan madatsar take kwanciya, manomin Masar ya koma sayen taki. Irin wannan lakar ce kuma ta yi filin Jazira na Sudan, inda 'yan uwanmu Hausawa, jikokin mahajjatan ƙasa da waɗanda suka yi hijira bayan zuwan Turawa, suka zuba guminsu a gonakin auduga, suka kafa garuruwa irin su Maiurno a bakin Shuɗin Nilu.

Alhazai, wannan naku ne. Shin ko kun san baƙaƙen duwatsun nan da kuke gani ta tagar mota ko jirgin ƙasa a tsakanin Makka da Madina daskararren aman wuta ne? Larabawa na ce wa irin wannan fili harra, Madina kuma a tsakanin biyu take zaune, ɗaya a gabas ɗaya a yamma. Ƙarfin da ya ɗaga tuddan Habasha ya kuma buɗe Bahar Maliya shi ne ya haife su. Kuma ba su mutu ba. A shekarar 654 bayan Hijira, wato 1256, aka yi kwanaki ana girgizar ƙasa a Madina, sannan wuta ta ɓullo kudu maso gabashin birnin. Ta yi kwana hamsin da 'yan kai tana ci. Narkakken dutse ya yi tafiyar fiye da kilomita 20, jama'a suka taru a Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suna tuba suna addu'a, bayi ana 'yantawa, hakkoki ana mayarwa. Malalen ya karkata, ya tsaya 'yan kilomitoci kafin birnin. Malaman tarihi irin su Abu Shama da Ibn Kasir sun rubuta labarin, har da ruwayar cewa an hangi haskenta daga Busra ta ƙasar Sham. A 2009 ma wata harrar da ke arewa maso yammacin Madina ta motsa, aka yi ta girgiza har hukuma ta kwashe dubban mutane daga garin Al-Ais.

Shekara guda bayan wutar Madina, a 1257, dutsen Samalas na tsibirin Lombok a Indonesiya ya fashe. An daɗe ana ganin alamar farar wutarsa a cikin ƙanƙarar doron duniya na arewa da na kudu ba a san mai ita ba, sai a 2013 aka gano shi. Indonesiya dai gidan irin waɗannan ne. Tambora ya fashe a Afrilun 1815, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na da rai a lokacin. Dutsen ya rasa fiye da kilomita ɗaya na tsawonsa, mutane dubu goma-goma suka mutu, akasarinsu da yunwa da cuta. Shekarar 1816 aka yi ta ba bazara a Turai da arewa maso gabashin Amurka, ƙanƙara na zuba a watan Yuni, hatsi ya yi tsadar da ta jawo tarzoma. Krakatau kuwa, a Agustan 1883, an ji ƙararsa a tsibirin Rodrigues, nisan kilomita kusan 4,800, igiyar ruwan da ya tayar ita ta kashe mafi yawan mutum 36,000 da suka halaka. Ubansu duka shi ne Toba, shekaru 74,000 da suka wuce, wanda raminsa yau tafki ne mai tsawon kilomita 100. An taɓa ɗauka ya kusa ƙarar da 'yan Adam, amma kayan aikin dutse da aka tono a Indiya da Afirka ta Kudu, a ƙasan tokarsa da samanta, sun nuna mutane sun ci gaba da harkokinsu.

Pinatubo na Filifin, a Yunin 1991, shi ne wanda aka auna da na'urori tun daga farko. Ya watsa iskar farar wuta tan miliyan 15 zuwa 20, zafin duniya ya ragu da kusan rabin digiri har wajen shekara biyu. Masana sun ga alamun da wuri, hukuma ta saurare su, aka kwashe mutane dubu goma-goma kafin ya fashe. Na so a ce kowace hukuma haka take jin maganar masu ilimi.

Shin ko kun san cewa aman wuta ya taɓa ceton duniya? Shekaru kimanin miliyan 717 da suka wuce, ƙanƙara ta rufe duniya har kusa da tsakiyarta. Masana da dama na ganin wani babban aman da aka yi a arewacin Kanada ne ya jawo haka, domin sabon baƙin dutse idan ruwan sama na dukansa yana zuƙe iskar kabon, bargon duniya ya yi shara-shara. Da komai ya daskare, duwatsu ba su daina numfashi ba. Suka yi shekaru miliyoyi suna tara iskar a sama, ba ruwan da zai wanke ta, har zafi ya dawo ƙanƙara ta narke. Tun farko ma, iska da tururin da suka fito daga cikin ƙasa suna cikin abin da ya haɗa sararin da muke shaƙa da tekunan da muke gani.

Akwai masu cewa ai duwatsu masu aman wuta sun fi mutane ɓata iska, don haka a bar zancen sauyin yanayi. Lissafi bai yarda da su ba. Duk duwatsun duniya, na tudu da na ƙarƙashin teku, iskar kabon da suke fitarwa a shekara ba ta kai tan biliyan ɗaya ba. Mu kuwa, da fetur da gawayi da gas da siminti, muna fitar da fiye da tan biliyan 35. Abin da ke tayar min da hankali shi ne, idan aka duba Saiberiya da kyau, gawayin ƙasa ne aka ƙona da sauri fiye da yadda teku da duwatsu za su iya shanyewa. Sau ɗaya wuta ta yi wannan aikin da kanta. Yanzu mu ne muke haƙowa muna cinnawa.

Shin ko kun san mu ma a kan tsofaffin murahu muke zaune? Daga tsaunukan Azbin a Nijar, ta Damagaram da Muniyo, zuwa Riruwai a jihar Kano, zuwa Jos, har Afu a jihar Nasarawa, akwai jerin duwatsu masu siffar zobe. Gindin tsofaffin duwatsu masu aman wuta ne, waɗanda ruwa da iska suka cinye samansu. Na Azbin sun haura shekaru miliyan 400, kuma duk yadda aka yi kudu suna ƙara yarinta, har na Afu da ke wajen miliyan 140. A cikinsu kuza take. Tun kafin Bature ya zo, maƙeran Riruwai suna narka ta suna fitar da dalma sirara kamar tsinke ana kai wa kasuwanni. Kuzar nan ce ta jawo jirgin ƙasa zuwa Jos, ta tara ƙabilu a can, a ramukan haƙarta ne kuma aka tsinci gumakan yumɓu na Nok.

Akwai na baya-bayan nan ma. Dutsen Wase da ke tsaye shi kaɗai a fili kamar turmi, maƙogwaron wani dutse mai aman wuta ne da ya daskare, jikin ya zaizaye ya bar shi. Tudun Biu baƙin dutse ne, Tafkin Tila kuma bakin wuta ne da ruwa ya cika. Ƙananan tsaunukan Panyam da Kerang a Filato har yau da raminsu a ka, ƙasar da ke kewaye da su kuma manoman dankalin Turawa da masara sun san albarkarta. Shayin Mambila ma a kan irin wannan ƙasa yake. A Chadi, Emi Kusi, tsaunin da ya fi kowane tsawo a Sahara, fiye da mita 3,400, dutse ne mai aman wuta. Haka Jabal Marra a Darfur. Dutsen Kamaru kuwa bai yi barci ba sam, ya yi amai a 1999 ya sake a 2000.

A Kamarun ne aka ga abin da iska kaɗai za ta iya yi. Tafkin Nyos yana zaune a bakin wani tsohon dutse, iskar kabon na tsattsafowa daga ƙasa tana narkewa a ruwan can ƙasa, kamar gas a kwalbar lemo da ba a buɗe ba. Daren 21 ga Agusta, 1986, kwalbar ta buɗe. Iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi, sai ta bi kwari tana gangarawa, ba launi, ba wuta. Mutum 1,746 suka rasu, da yawansu a kan shimfiɗarsu, tare da dabbobi kimanin 3,500, ciki har da garkunan Fulani makiyaya. Waɗanda suka farfaɗo sun tashi sun tarar ko ƙuda ba ya motsi. Allah Ya jiƙansu. Tun 2001 aka kafa bututu a tsakiyar tafkin yana fitar da iskar a hankali, daga baya aka ƙara wasu.

Shin ko kun san za ku iya ganin irin malalen Saiberiya da idonku, ba tare da kun je ko'ina ba? A duniya ruwa da ciyayi da teku sun ɓoye mafi yawansa. Wanda ya fi kowane girma ma, Ontong Java, a ƙarƙashin Tekun Fasifik yake kwance, faɗinsa ya ninka Najeriya kusan sau biyu. Amma a wata babu ruwan sama, babu iska, babu abin da ke share sawu. Baƙaƙen tabon nan da ke fuskarsa filaye ne na daskararren aman wuta, wanda ya malalo fiye da shekaru biliyan 3 da suka wuce ya cika manyan ramuka. A kan ɗaya daga cikinsu 'yan sama jannatin Apollo 11 suka sauka a 1969, duwatsun da suka ɗebo kuma dangin baƙin dutsen Biu ne da na harrar Madina. Daren sha huɗu ga wata, idan sama ta yi garau, ku fito tsakar gida ku duba.